Jere a Cikin Ruwan Gishiri

Tankin gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, yana cin ruwa lita 432. Ruwan teku ya ɗan fi na rijiya nauyi saboda gishirin da ke cikinsa, don haka ruwan kaɗai ya haura kilo 440. In aka haɗa da gilashin kansa, da duwatsu, da yashi, an wuce rabin tan. Abu mai irin wannan nauyi, da zarar an ajiye shi a jikin bango an cika shi da ruwa, to ya zauna ke nan. Shi ya sa masu kiwon murjani a cikin gidajensu, a Jamus da Amurka da Japan da sauran wurare, suke daɗewa suna shawara a kan gilashin baya tun tankin yana busasshe. Gilashin gaba kullum hannu yana kai masa, ana goge shi safe da yamma. Na baya kuwa, shawarar da aka yanke a kansa ran farko ita za a zauna da ita shekaru.

Murjani dabba ne, ko da yake ido yana ɗaukarsa dutse ko tsiro. Ƙananan halittu ne masu baki da 'yan yatsu, suna zaune dubbai wuri guda, da yawansu suna gina wa kansu ƙashi na alli. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, tana shan haske tana ciyar da su. Saboda haka mai kiwonsu dole ya ba su fitila mai ƙarfi, da ruwa mai motsi dare da rana, da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, da ɗumi tsakanin digiri 24 da 27. Duk wani adon da za a yi wa tankin, sai ya bi ta ƙarƙashin waɗannan sharuɗɗa.

Duk macen da ta taɓa zuwa jeren ɗakin amarya ta san wannan matsala, ko ba ta taɓa ganin teku ba. Ana gobe za a kai amarya, gwaggwanni da ƙannen uwa da yayye sukan hallara a ɗakin, kuma gardamar farko ita ce ta bango: wanne za a jingina wa kabad? Kusan kullum bangon da ke kallon ƙofa ne yake cin nasara, don nan idon baƙuwa yake fara sauka da ta ɗaga labule. Amma kafin masu kafi su ɗora ko katako ɗaya, sai an tabbata an shafe bangon, an liƙe ramuka, an shimfiɗa leda. Kowa ta san cewa in aka kafa kabad, aka loda masa samiru da langa-langa da tangaran har sama, ba wanda zai sake ganin bangon nan sai ranar tashi daga gidan. A irin wannan taro ba a rasa dattijuwa ɗaya da za ta ce, "Ku dakata, 'yan nan, ku bar wa tsintsiya hanya a bayansa." Wata ƙaramarsu ta ce, "Gwaggo, ai zai cinye mana fili." Ta ce, "Ya cinye. Ke za ki zo ki share mata in damina ta faɗi?" Tun ran gini, tun ran zane.

Hanyar tsintsiyar nan tana da takwararta a bayan tanki. Ana barin tazarar kamar santimita 10 zuwa 15 tsakanin gilashi da bangon ɗaki, don bututu da wayoyi su wuce, hannu kuma ya shiga. Ruwan gishiri yana fantsama, ya bushe, ya bar farin ɓawo da ke rarrafe a hankali har ya kai ga soket, ya cinye ƙarfensa, ya kuma ɓare fentin bango. Kowace waya ana sakinta ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa.

Ado mafi sauƙi shi ne fenti, kuma ta waje ake shafa shi. A goge gilashin tas da sifirit, a rufe gefuna da tef, a bi da rola. Shafa ɗaya ba ya isa, don da an kunna fitila za a ga zane-zanen da rolar ta bari. Sai an yi biyu ko uku, ana barin kowanne ya bushe. Wanda ba ya son fenti yana iya manna ledar sitika: a fesa ruwan sabulu kaɗan, a shimfiɗa ta, a matse iskar da kati daga tsakiya zuwa gefe. Akwai kuma takardun da ake sayarwa masu hoton ƙarƙashin teku, a liƙa su da tef. Waɗannan ba na ba kowa shawarar sayensu. Gishiri yana shiga tsakaninsu da gilashi ya yi dabbare-dabbare, sannan hoton murjani a bayan murjani mai rai raba hankalin mai kallo kawai yake yi. 'Yan jere ma sun san haka: in kwanukan masu furanni ne, bangon bayansu ba ya bukatar fure.

Sai launi, kuma a nan masu kiwon suka rabu gida biyu, baƙi da shuɗi. Masu shuɗi suna da hujja daga teku. Ruwa yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne yake nutsawa can ƙasa, shi ya sa mai ninkaya in ya juya wa dutsen murjani baya ba ya ganin komai sai shuɗi mara iyaka. Gilashin baya mai shuɗi yana kawo wannan sarari cikin falo, har wasu sukan manna leda mai hazo su sa fitila a bayanta, launin ya yi haske a sama ya yi duhu a ƙasa. Yana da kyau ƙwarai, amma ba ya rufa asiri: kowane ɗigon gansakuka sai ya fito fili a kansa. Baƙi kuwa yana haɗiye kayan aiki. Injinan kaɗa ruwa, da akwatin da ruwa ke malala ta cikinsa zuwa matatar ƙasa, da na'urar ɗumama ruwa, da wayoyi, yawancinsu baƙaƙe ake ƙera su, sai su ɓace a jikinsa. Murjani da yawa kuma yana sheƙi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, kore da ja da ruwan lemo, kuma ba inda sheƙin nan yake tashi kamar a kan baƙi. Ni dai baƙi nake zaɓa wa yawancin mutane. Shuɗi na mai hannu ne, wanda ya san zai riƙa kankara kowane mako ba fashi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne cikin tankin. A 1961 wani ma'abocin kiwon kifi a Jakarta, Lee Chin Eng, ya bayyana yadda yake raya halittun teku da duwatsun da aka ɗebo daga teku da ransu, wato da duk ƙwayoyin halitta da tsutsotsi da gansakukar da ke jikinsu, ba tare da wata babbar matata ba. Daga baya masu kiwo a Jamus suka ɗora a kan wannan, har tsarin ya ɗauki sunan birnin Balin, inda Dietrich Stüber ya nuna cewa murjani mai rassa, wanda ake ganin ba ya rayuwa a tanki, yana iya girma har a yanka a raba wa abokai. Dutsen shi ne matata: ƙwayoyin da ke cikin ramukansa su suke narkar da ƙazantar kifi. Sai Amurkawa suka kafa wata ƙa'ida da in aka juya ta zuwa ma'auninmu ta zama kilo ɗaya na dutse ga kowace lita 4 zuwa 8 ta ruwa. Tanki irin wanda muka auna ke nan zai ɗauki kilo 50 zuwa 100. Ina za a kai wannan tuli? Sai aka riƙa jingina shi da gilashin baya, daga wannan kusurwa zuwa waccan, daga yashi har kusa da saman ruwa, ana dasa murjani a kan matakalarsa.

Wannan shi ne jeren da, wanda ake cika bango da kwanuka har rufi, kowace langa ta hau kan 'yar'uwarta, don 'yan ganin ɗaki su san iyayen yarinya sun yi ƙoƙari. Ba na raina shi. Ran da aka gama shi yana cika ido, kuma akwai ƙauna a cikin kowane kwano. Sai dai duk wadda ta zauna a irin ɗakin nan ta san abin da yake taruwa a baya: ƙura, yanar gizo, kyankyasai, wani lokaci ɓera ya yi sheƙa, in laima ta kama bango kuma gara ta hau katako ba wanda ya sani sai ranar da ƙafar kabad ta karye. Haka bayan tulin dutsen nan yake. Ruwa ba ya ratsawa, sai ragowar abinci da kashin kifi su kwanta a can, su ruɓe, su zama takin da gansakuka mai gashi take so, da wata jar dauɗa mai yauƙi da ke shimfiɗuwa a kan yashi. Kifi ya mutu a can ba a iya zaro shi. Wata ƙaramar halitta mai harbi da ake kira Aiptasia, wadda take ƙona murjanin da ke kusa da ita, can take samun mafaka ta hayayyafa inda hannu ba ya kai. Abin yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ya bayyana, mai tanki yana ta canjin ruwa yana mamakin inda ƙazantar take fitowa.

Masu kiwon yanzu sun rage dutse sosai. Sukan gina tsibiri biyu ko uku a tsakiyar tanki, a huda duwatsun a zura musu sandar roba, ko a haɗa su da siminti na musamman, a yi baka da rumfa da kogo, a bar faɗin tafin hannu tsakaninsu da gilashin baya. Sai a saita injin kaɗa ruwa guda ya riƙa hurawa ta wannan lungu. Ba ra'ayin ado kaɗai ya kawo sauyin ba. Amurka ta hana ɗebo dutse mai rai daga ruwanta na Tekun Meziko tun 1997, Fiji ta sanar da hana fitar da shi a ƙarshen 2017, Indonesiya ma ta dakatar da fitar da murjani a 2018 har zuwa farkon 2020. Yau galibi da busasshen dutse ake farawa, wanda aka haƙo a tudu ko aka ƙera a masana'anta, kuma wannan alheri ne ga teku. Tun da busasshe ne, mutum yana iya zama da shi a tsakar ɗaki kwana da kwanaki yana gwada jeri, yana rushewa, kafin ya jiƙa ko ɗaya.

Bangon murjani na gaske ma ba a toshe yake ba. A Sanganeb, tsibirin murjanin da ke Bahar Maliya kimanin kilomita 25 daga gaɓar Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, bangon yana sauka tsaye zuwa zurfi, amma duk jikinsa ramuka ne da tsaguwa da rumfuna, igiyar ruwa tana wanke shi ba dare ba rana. Murjani mai son haske yana sama, mai son inuwa yana ƙarƙashin rumfa, ƙananan kifaye suna shawagi a gabansa, da sun ji motsi su faɗa rami. Wanda yake son kwaikwayon wannan a gida, ruwan da ke ratsawa shi ne abu na farko da zai kwaikwaya.

Akwai masu son bangon dutse sosai amma ba sa son tuli, sai su ƙera shi siriri. Ana yanka ragar roba daidai girman gilashin, a ɗaure mata gutsattsarin dutse, a cike tsakani da kumfar gwangwani irin wadda ake aikin tafkin lambu da ita, in ta bushe a sassaƙe ta, a shafe da gam mai ƙarfi, a barbaɗa yashi. In an iya shi yana da ban sha'awa, kuma kaurinsa bai fi 'yan santimitoci ba. Amma kumfa tana son tasowa sama da ƙarfin gaske, sai an manne allon da silikon ya kwana biyu ya kama, kuma silikon ɗin ya zama wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, don irin na banɗaki guba ne ga halittun. Duk inda kumfar ta fito tsirara, hasken fitila yana cinye ta tana marmashewa. In an bar 'yar ƙofa a gefe, ƙaramin kifi zai shige bayan allon ya maƙale. Masu yi da siminti kuwa dole su jiƙa shi a ruwan daɗi makonni, suna zubarwa suna sakewa, har kaifin allinsa ya fita, in ba haka ba zai ƙone duk abin da aka sa a tankin. Ƙarfe kuma ko kusa: ba ƙusa, ba waya. Jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe murjani da jatan lande da katantanwa. Ko 'yan kantocin da ake maƙala wa gilashin baya da maganaɗisu don ɗora ƙananan murjani, sai an riƙa duba rufin robarsu, don in ya tsage maganaɗisun zai yi tsatsa a cikin ruwa shiru.

Duk wannan aikin ran jere ne. Ɗakin amarya kuwa ba ran jere ake saninsa ba, sai bayan shekara, lokacin da ita mai ɗakin ta sauke abin da ba ta amfani da shi, ta matso da na kullum kusa, ɗakin ya ɗauki kamanninta. Gilashin bayan tanki ma masu ɗakin ne suke ƙarasa adonsa. Makonnin farko ba su da kyan gani: wata ƙura ruwan ƙasa takan rufe komai, kore ya biyo baya, kuma a nan sabon shiga yake karaya. In ya yi haƙuri, ya riƙe sinadarin kalsiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a lita, bai bar awon ruwan yana hawa da sauka ba, wata rana zai ga ɗige-ɗige ruwan hoda da shunayya kamar ƙwayar gero, galibi a jikin robar inji suke fara fitowa. Wata gansakuka ce mai tauri da ke gina jikinta da alli, takan shigo a bayan katantanwa ko a gutsuren dutse daga tsohon tanki. A teku ita ce take ɗinke duwatsun murjani su zama abu guda. A tanki ɗigon yana faɗaɗa ya zama kamar kwabo, kwabo ya haɗe da kwabo, har gilashin baya ya rufe. Ba fentin da ya kai ta kyau a idona, kuma ba a sayenta da gaggawa.

Wasu ba sa jira, sai su dasa wa gilashin murjani. Wanda aka fi dasawa shi ne wani mai laushi daga dangin Briareum, mai shimfiɗa shunayyar tabarma, daga cikinta ƙananan taurari kore shar suke fitowa. A manna gutsure kaɗan da gam, ya bi gilashi yana yaɗo, har bangon ya koma kamar fadama da iska ke kaɗawa. Sharaɗinsa guda ne, kuma mai tsauri: kada ya taɓa dutse. In ya tsallaka, zai haye kan sauran murjani ya rufe su, kuma cire shi daga ramukan dutse wahala ce babba. A kan gilashi kuwa reza tana ɗaga shi kamar fata. A nan ma faɗin tafin hannun nan da aka bari shi ne yake ceto. Mai fitila mai ƙarfi yana iya dasa murjanin Montipora mai shimfiɗuwa.

Akwai dangin da nake roƙon kowa ya yi hattara da su, wato Palythoa da 'yan'uwansu, masu kama da ƙananan maɓallai masu launi. Wasunsu suna ɗauke da wata guba da masana suka fara warewa a Hawaii a 1971, tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittun teku. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutanen Alaska da suka kwanta rashin lafiya bayan sun shaƙi iskar ɗakin da aka yi aiki da irin wannan murjani. Wanda ya bar su suka rufe gilashin baya, wata rana sai ya kankare su, hannunsa a ciki har kafaɗa, fuskarsa dab da ruwa. A sa safar hannu, a sa gilashin ido, kada a goge su a busasshiyar iska, kada kuma a kuskura a zuba wa dutsensu ruwan zafi, don tururin ne yake kai gubar huhu, kuma ba mai aikin kaɗai yake shaƙa ba, har yaran gida.

Saura gardamar da ba ta ƙarewa: a kankare gilashin baya ko a bar shi? Masu kankarewa suna cewa baƙi mai tsabta yana sa tanki ya yi zurfi a ido, shunayyar gansakukar nan kuwa tana jawo bangon gaba, tana kuma shan kalsiyam ɗin da murjani yake bukata. Gaskiya ne duka. Sai dai bangon da aka bari makiyaya ce. Ƙananan ƙwarin ruwa suna hayayyafa a jikinsa, kifayen da ba sa cin komai sai su suna samun abinci, kifaye masu cin gansakuka suna yini suna tsattsaga, katantanwa tana kwana tana lasa. Ni ina tare da masu bari, musamman a tankin da aka fara da busasshen dutse, inda kowane taƙi na rai yake da amfani a shekarar farko. Wanda ya zaɓi kankarewa, ya nisanta reza daga silikon ɗin kusurwa, don shi ne yake riƙe da ruwan nan duka. In kuma tankin na roba ne mai kama da gilashi, reza ba ta shiga sam, sai makankarin roba. Wanda shunayyar ta yi masa yawa bayan shekaru, akwai wata ƙaramar bushiyar teku mai gajerun ƙayoyi da ake sakawa, tana kankare ta da haƙoranta tana barin farin sawu, sabuwa ta tsiro a wurin. Halinta ɗaya ne sai an shirya masa: duk abin da ta tarar ba a manne ba, ɗauka take yi ta ɗora a bayanta ta yi ta yawo da shi, don haka kowane ƙaramin murjani sai an kafe shi da gam kafin a sako ta.